Yadda na tsara yawon buɗe ido a Oman

Abu uku ne suka tsara min tafiyar Oman: watan da zan tafi, irin motar da zan ɗauka haya, da garin da safiyar Juma'a za ta same ni. Otal da tikitin jirgi duk daga baya suka biyo.

Arewacin ƙasar, wato Maskat, Nizwa, Sur da yankin rairayi, daga Oktoba zuwa Maris ake jin daɗinsa. Da Mayu ta kama zafi kan wuce digiri 40, ga gumin bakin teku. Salala da ke kudu kuwa lokacinta daban, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, sa'ad da hazo da yayyafi ke mayar da duwatsunta kore shar. Lokutan biyu ba sa haɗuwa, kuma tsakaninta da Maskat kusan kilomita 1,000 ne, don haka na cire ta daga lissafi. Wanda ya matsa sai ya haɗa su a mako guda, rabin hutunsa a kan kwalta zai ƙare.

Biza a hannun 'yan sandan masarautar take, ta intanet ake nema, kuma sharaɗin ya danganta da fasfon da ke hannunka. Wasu sai kamfanin yawon buɗe ido na can ya tsaya musu. A gama da wannan kafin a yanki tikiti. Fasfo ya zama yana da sauran wata shida, a kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Wajen kuɗi ne wanda ya saba zuwa Umara kan ruɗe. Riyal ɗin Oman ɗaya dala 2.6 ne, kusan riyal goma na Saudiyya ke nan. Baisa 1,000 ke cikinsa, shi ya sa farashi ke zuwa da lamba uku bayan ɗigo: in ka ga 2.500, riyal biyu da rabi ake nufi.

Tuƙi a hannun dama ake yi, hanyoyin kuma lafiyayyu ne, sai dai kyamarorin kama masu gudu ko'ina, tarar kuma kamfanin haya zai cire maka. Ƙaramar mota ta isa Maskat, Sur da Nizwa. A wannan tafiyar wuri biyu ne kawai ke neman mai jan taya huɗu. Na farko dutsen Jabal Akhdar: akwai shingen 'yan sanda gaba da garin Birkat al-Mauz, ba sa barin ƙaramar mota ta hau, kome roƙonka. Hawan ba shi ne matsalar ba, gangarowa ce. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa, don haka a ƙaramin giya ake saukowa. Na biyu rairayin Sharƙiyya, wanda aka fi sani da Wahiba. A Bidiya, garin da ke bakin rairayin, ake rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin iska na PSI, domin tayar ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Da an fito a mayar da iskar nan take, don taya mai laushi a kan kwalta zafi take yi har ta fashe. A kuma karanta takardar inshora, da yawa ba su ɗauke da ɓarnar da aka yi a cikin rairayi. Ni dai na ga ya fi sauƙi in ajiye mota a Bidiya, masu sansanin da zan kwana su zo su ɗauke ni. Daren can a Disamba da Janairu akwai sanyi sosai, rigar sanyi ba ta zama kayan banza.

Daga kasuwar dabbobi ta Nizwa na faro lissafin kwanaki, ina komawa baya, domin safiyar Juma'a kaɗai take ci. Wajen ƙarfe bakwai ta kankama, kafin goma an watse. Masu awaki na zagaya da'ira riƙe da igiya suna faɗin farashi, masu saye na zaune a tsakiya wasu na tsaye a gefe. Wanda akuya ta yi wa sai ya tsayar da mai ita, ya duba haƙori, ya shafa baya, a yi ciniki ko a wuce. Dole ke nan a kwana Nizwa ranar Alhamis, a kwana rairayi Laraba, Talata a bakin teku, a fara da Maskat.

A Maskat, babban masallacin Sultan Ƙabus, wanda aka buɗe a 2001, da safe ake zagaya shi, daga takwas zuwa sha ɗaya, ban da Juma'a. Kasuwar Mutra kuma da yamma, nan ake sayen lubban. Yawancin masallatan Nizwa na mazhabar Ibadiyya ne, hannu a sake suke sallah, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin Malikiyya.

A hanyar Sur akwai kwazazzabon Wadi Shab. Ana tsallaka ka da kwalekwale a kan riyal ɗaya, sai tafiyar ƙafa ta kusan minti 45 a kan duwatsu, ƙarshen kuma sai da iyo. Silifas ba ya yi, kuma wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a tafkin farko. A Ras al-Jinz ana kallon kunkurun teku na yin ƙwai da dare, amma sai an kama wuri tun da wuri, kuma an hana hasken kyamara.

Kwazazzabai irin Wadi Shab su ne haɗarin da baƙo bai gani. Ana iya yin ruwa can kan dutse, kai kana cikin rana, sai ambaliya ta taho. Inda titi ya ratsa kwari za ka ga sanduna masu jan fenti a gefe. In ruwa ya kai jan, a tsaya a jira ya janye, ko da motar gabanka ta wuce.