Abin da na koya game da ƙashin bakwaini

Ɗiyar yayata ta zo duniya a mako na 28 na ciki, nauyinta bai wuce kilo ɗaya ba sai da kaɗan, kuma ta shafe kusan wata biyu a cikin kwalba. Duk tsawon lokacin, numfashinta da nauyinta kaɗai muke tambaya. Babu wanda ƙashi ya faɗo masa a rai, sai ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya nuna mana tsagewa a haƙarƙari guda, alhali ba ta faɗi ba, ba a kuma buge ta ba.

Bayanin da ya yi mana shi ne, kusan kashi 80 cikin 100 na kalsiyam da fosforas da ke gina ƙashin jariri yana samun su ne ta mabiyiya a watanni uku na ƙarshen ciki, wato daidai watannin da bakwaini ya rasa. Shi ya sa laushin ƙashi, wanda ke jawo irin wannan tsagewa, ya fi kama waɗanda aka haifa ƙasa da kilo ɗaya da rabi, kuma ba ya bayyana nan take, sai bayan makonni shida zuwa goma sha biyu da haihuwa. Daɗewa ana ciyar da jariri ta jijiya, da wasu magungunan da ke sa yawan fitsari, suna ƙara tsananta lamarin. Hoto ma ba ya nuna komai sai ƙashin ya riga ya yi rauni sosai, don haka gwajin jini ake fara yi.

Abin da ya fi damun Yaya shi ne jin cewa nononta bai isa ba. "To laifina ne ke nan?" ta tambaye ni da daddare. Na ce mata, "Haba Yaya, ai nonon ne ya kawo ta nan." Nonon uwa shi ne mafi alheri ga bakwaini, sai dai fosforas ɗin cikinsa ba ya isar ƙashin da ke girma da irin wannan sauri, saboda haka aka riƙa zuba wani gari na ƙarin sinadarai a cikin nonon da ta tatsa, tare da ɗigon bitamin D kullum.

Da aka sallame su, sai da muka sha fama da Inna, domin ta saba miƙar da gaɓoɓin jikokinta da ƙarfi bayan wanka, har ta so a kira mai ɗori. Da lallami ta haƙura, ta koma shafa mai a hankali, kuma da aka sake hoto bayan wata uku, haƙarƙarin ya haɗe.