Adalci a bakin mutane, adalci a gaban alƙali

A kasuwa, mai saye ya ce "yi min adalci", nufinsa a rage masa kuɗi. Amarya ta ce ba a yi mata adalci ba idan maigida ya kwana ɗakin uwargida ranar girkinta. Kalma ɗaya ce da muka aro daga Larabci, daga ita kuma muka samu adali, adila, adalai. A gaban alƙali kuwa tana da matakai, kuma kyawun zuciya ba ya cike gurbin matakin da aka tsallake.

Daga wurin zama ake farawa. Mai ƙara da wanda ake ƙara su zauna kafaɗa da kafaɗa, a kalle su da ido ɗaya, ko da wannan attajiri ne wancan ɗan dako. Haka Sayyadina Umar ya rubuta wa gwamnansa Abu Musa al-Ash'ari, shi ne kuma abin da muke cewa ba sani ba sabo. Hadisi ya hana yanke hukunci cikin fushi, malamai suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa.

Sai ƙa'idar da kowa ya haddace: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Inda ake tuntuɓe shi ne gane mai da'awar, don ba lallai ne ya zama wanda ya kawo ƙara ba. Wani ya ce yana bin ka naira 50,000. In ka ce ba ya bin ka komai, shi zai kawo shaidu. In ka ce ai ka biya, ka amsa bashin kenan, nauyin ya dawo kanka, kai za ka tabbatar da biyan. Alƙalin da ya juya wannan ya rantsar da wanda bai kamata ba.

A shari'ar dukiya, mazhabar Malikiyya tana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Dole su zama adalai, wato baligai masu hankali da ba a san su da manyan laifuka ba. Duk kirkin mutum, ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ko miji ga matarsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa.

Abin da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi shi ne i'izari. Kafin hukunci, alƙali ya tambayi wanda shari'a ta juya wa baya: "Kana da sauran magana ko wata hujja?" Tuhfatul Hukkam, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Asim wanda alƙalanmu ke dogaro da shi, ya zaɓi a yi i'izarin gaban adalai biyu. A rubuta tambayar da amsarta cikin kundin shari'a. In babu su a rubuce, kotun ɗaukaka ƙara tana iya rushe hukuncin ta sa a sake shari'ar daga farko, ko da wanda ya yi nasara shi ne mai gaskiya.