Daga Samaru zuwa Ushafa, wajen masu zane da maginan tukwane

Da sanyin safiya na hau mota a tashar Unguwa Uku, lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gonakin Kura har ba a iya hango su sosai. Niyyata in ga masu zane da maginan tukwane na zamaninmu suna bakin aiki, don kallon hotunan kayansu a waya bai taɓa gamsar da ni ba.

A Samaru na fara yada zango, a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A garin nan na Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka haɗa kai suka ce za su karɓi kayan aikin Bature, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Okeke ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Wannan aƙida ba ta mutu ba. A wani ɗakin aiki na tarar da wani ɗalibi ya shimfiɗa ƙyallen zanensa a ƙasa, ko buroshi babu a hannunsa. Ya tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, ya zuba, sannan ya ɗaga gefen katakon da ƙyallen ke kai yana karkata shi a hankali, shuɗi na gangarowa yana ratsa ja. Ya ce mini, "Yallaɓai, wannan hanyar marigayi Gani Odutokun ce, mu dai gada muka yi." Odutokun ya koyar a sashen har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995. Na tsaya ina kallon yadda yaron ke sanin daidai lokacin da zai tsayar da fentin, kuma a ganina nan gwanintar take. An yi mini zancen Farfesa Jerry Buhari ma, wanda zanensa ya fi karkata ga lalacewar ƙasa da gurɓatar muhalli.

Kaduna wucewa kawai muka yi. Da dutsen Zuma ya bayyana na san an iso Suleja, garin da ake kira Abuja kafin babban birni ya ɗauki sunan. A nan Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga, mace ta farko a wurin. Tun kafin nan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta. Ta koyi injin juya laka, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su irin na matan Gwari, tana zana musu kadangare da kunama da kifi da kada. Sabon abu shi ne ruwan ƙyalli da ake shafa wa tulu kafin gashi, da kuma gashin tanderu mai tsananin zafi, wanda ya sa tulun ya yi nauyin da ba a zuwa rafi da shi, ya koma kayan ado. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ita ce ke bayan takardar naira 20, amma yaron motar da na tambaya bai san sunanta ba, abin ya dame ni ƙwarai.

Ushafa na ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma, ƙauye ne da duwatsu suka kewaye. Sunansa ya fita duniya a 2000 da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi. A nan na fi daɗewa. Wata dattijuwa ta ɗora curin yumɓu a kan fasasshen kasko, ta kwarfe cikinsa da yatsu, tana ɗora murɗaɗɗiyar laka layi bisa layi. Tukunyar ba ta motsi, dattijuwar ce ke zagaya ta da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke. Da ta zo baki sai ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta zagaya sau ɗaya, bakin ya fito sumul. Ado kuwa da guntun igiya ta yi shi, ta mirgina ta a kafaɗar tukunyar.

Na ce, "Inna, ba kya gwada faɗinta da wani abu?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, hannu ya sani."

Bayan gashi da itace da busasshiyar ciyawa, suna yayyafa wa tukunya ruwan makuba tun tana da zafi, shi ke ba ta wannan duhun mai sheƙi. A rumfar da ke gefe kuma wani saurayi na kan injin juya laka yana fitar da kofuna da farantai, ya ce har toka yake sa wa a haɗin ruwan ƙyallinsa. Na lura kadangaren da ke jikin farantinsa irin na tukwanen iyayensa ne sak, sai dai shi yana sa hannu a gindin kayansa, su kuwa matan ba sa sawa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin a gidajen baje zane na Abuja suna ne ke ɗaga farashi, kuma aikin dattijuwar nan bai gaza na kowa ba.

Kafin in tashi na sayi tulu ɗaya, na tambaye ta inda suke haƙo yumɓu. Ta nuna bayan dutse da haɓa, ta ce wuraren da ta sani tun tana yarinya an yanka su filaye an yi gine-gine, yanzu sai sun biya mai mota ya kawo musu daga nesa.