Dawakan Yumɓu a Namanasamudram

Daga Chennai jirgin ƙasa na shiga zuwa Pudukkottai a jihar Tamil Nadu, garin da sarakunan gidan Tondaiman suka mulka har 1948, lokacin da aka haɗe masarautar da Indiya. Washegari da sanyin safiya na ɗauki shatar a-daidaita-sahu, muka nausa kudu ta hanyar Thirumayam, zuwa ƙauyen Namanasamudram.

Wurin bautar Hindu da na je gani yana bayan gari, cikin kurmi. Babu doguwar hasumiya irin ta babban wurin bautar birnin Madurai. Muna cire takalma muka taka wata siririyar hanya, sai ga dawakan yumɓu dama da hagu, ɗaruruwa, wasu sun fi ni tsayi. Sababbin fenti na ƙyalli a jikinsu, fari da ja da shuɗi, baki buɗe, haƙora waje. A bayansu kuma tsofaffi ne: wannan ba kai, wancan ya durƙusa, ciyayi sun tsiro ta cikinsa.

Ayyanar ake bauta wa a nan. A imanin mutanen, shi ke gadin ƙauye da tafkin da suke ban-ruwa da shi, yana sintiri da dare a kan doki. Shi ya sa wanda ya yi bakance a kan ruwan sama, ko haihuwa, ko lafiyar shanu, doki yake kawowa. Bautar ta daɗe, domin tun zamanin daular Chola, kusan shekara dubu ke nan, ake ƙera siffarsa da tagulla. Amma a ƙauyuka irin wannan, galibi ba Brahman, wato limaman Hindu na gado, ke jan ragamar ibada ba. Maginan tukwane ne, 'yan Velar, gado daga uba zuwa ɗa.

Na gaida wani dattijo da "Ayya", yadda direban ya koya min, shi kuma direban ya yi mana tafinta. Ya nuna min yadda ake ɗora yumɓu zobe-zobe, cikin dokin fayau, a gasa shi da ciyawa da kashin shanu. Ido ake zanawa a ƙarshe, ranar bikin kai dawakai da ake kira Puravi Eduppu, sannan maza su ɗauko dawakan a kafaɗa da kiɗa har cikin kurmi. Ba a gyara wanda ya fashe. Da na tambayi shekarun wurin, layin baya ya nuna min, ya ce waɗancan aikin kakansa ne.

Ni Musulmi ne, daga gefe na tsaya ban shiga wurin tsafin ba. Abin da ya fi taɓa ni itatuwan ne. Ba mai saran ko reshe a kurmin Ayyanar, busasshen itace ma nan ake barinsa ya ruɓe, alhali gonakin kewaye duk an share su. Na tuna dazuzzukanmu da gawayi ya cinye, raina ya ɓaci sosai.

Da rana ta take, muka wuce Thirumayam don ganin ganuwar da ke kan dutse.