Minti Biyar Ɗin Da Na Bari Sai Ƙarshe

Shekarata 14 ina koyar da ilimin halittu a jami'a, bincikena duk a kan masu jan ciki: kububuwa, kasa, gamsheƙa, damo, har da tsakar da ake yi wa ƙazafin dafi. Kama maciji da auna shi bai taɓa hana ni barci ba. Wani yammaci a wani ƙauye na kudancin Gombe ne ya hana ni.

Farkon damina ne, na jagoranci ɗalibaina wayar da kai. Mai gari ya tara mana jama'a bayan la'asar a gindin tsamiya. Na fito da matacciyar kububuwa a kwalba, yara suna leƙe ta bayan iyayensu. Daɗi ya kwashe ni. Na yi ta bayanin yadda take goga ɓawon jikinta ya ba da ƙara in ta fusata, da yadda macizai ke rage ɓerayen da ke cinye rumbu. Abin da za a yi in ta sari mutum kuwa, na ce sai ƙarshe. Ina shirin farawa aka kira magariba, kowa ya kakkaɓe riga ya tashi.

Bayan mako uku mai gari ya kira ni. "Malam, ta sari yaronmu a wurin kiwo."

An ɗaure ƙafar tamau da roba, an tsaga wurin da reza. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, don haka tsagar ta yi ta zuba. Sai da aka kwana biyu, dasashinsa ya fara jini, sannan aka kai shi asibitin saran maciji na Kaltungo aka yi masa allurar EchiTAb, maganin karya dafin maciji. Ya rayu, alhamdulillahi, amma ɗaurin ya ci masa yatsu biyu. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka zauna gabana ranar nan. Minti biyar kawai maganar take buƙata, ni kuma na ɓatar da su a kan ɓera.

Yanzu ko gaisuwa ba na ja da tsawo. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, a hana ƙafar motsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Sai na sa mutum uku sun maimaita da bakinsu, har da mace ɗaya, sannan kwalbar take fitowa daga jaka.