Baƙin mai yana ƙaruwa a inji, ni kuma ina murna

Motar Marsandi 911 ce, mai injin OM352, silinda shida a jere, lita 5.7. Kaya nake ɗauka da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa cikin garin Legas. Matsala biyu ta kawo mini lokaci guda. A silo, wato in inji yana aiki ba a taka totur ba, tana girgiza, salansa na fitar da hayaƙi fari-fari mai yaji a ido. Sannan in inji ya yi zafi, musamman a gosulon Ojota, allurar da ke nuna ƙarfin zagayawar baƙin mai sai ta kwanta ƙasa da rabin bar (ma'aunin ƙarfin matsi), alhali da safe tana kaiwa huɗu.

Na ɗauka cuta biyu ce daban. A nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Girgizar na ɗora wa gurɓataccen gas, wato dizal, na sauya filta, na fitar da iska da famfon hannu. Ba ta daina ba. Allurar kuma na yanke mata hukunci cewa famfon baƙin mai ne ya gaji. Na tafi Ladipo, kasuwar kayan mota, na sayo wani, aka sauke botom filet, wato kwanon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, aka wanke rariyar da ke zuƙo mai, aka ɗaura, aka zuba sabon 15W-40. Kwana huɗu allura tana tsaye ƙyam. Rana ta biyar ta koma gidan jiya.

Abin haushin, shaida tana hannuna tun farko. Kullum da asuba ina zaro geji, sandar auna yawan baƙin mai, kuma mako biyu ina ganin mai ya haura layin sama da kusan faɗin yatsa. Tsohon inji irin wannan, wanda a da sai na ƙara masa lita ɗaya duk mako, ya daina neman ƙari, ni kuwa har ina faɗa wa yaron mota wai ringi, zoben fistin da ke hana inji shan mai, ya zauna. Inji ba ya haihuwar mai. In ya ƙaru, ko ruwa ne ya shiga, ko gas. Na ruwa yakan koma kalar shayi mai madara. Nawa baƙi ne wuluk, amma tsararo.

Wani dattijo mai gyaran injakta (famfon da ke tura gas zuwa kowace silinda) a Agege ne ya gano, bai ko ɗauki sifana ba. Ya zaro geji ya shinshina, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan kwalin sabulu. Cikin 'yan mintuna baƙin ya tsaya a tsakiya, wani zobe mai haske ya bazu kewaye da shi.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan ai gas kake zagayawa da shi a inji. Wa ya ce ka taɓa famfo?"

Na ce, "Baba, ni na sa kaina."

Daga nan aikin bai kai awa biyu ba. Ya cire na'urar da ke aika wa allura saƙo, ya ɗaura agogon awo na hannu a gurbinta don a tabbatar ba allurar ce ke ƙarya ba. Gaskiya take faɗa. Sai aka bar mota a silo, yana sassauta goron bututun gas ɗaya bayan ɗaya daga wajen injakta, ya rufa tsumma a kai. Silinda mai lafiya, da ka sassauta nata, inji zai ƙara rawa, sautinsa ya faɗi. Na ɗaya, na biyu, na uku duk sun amsa. Na huɗu ko gezau.

Wanda bai san wannan injin ba zai tsaya neman yoyo a waje, ba zai gani ba. A OM352 nozul, masu fesa gas cikin silinda, suna ƙarƙashin murfin tafet ne, wato murfin saman inji, bututun gas yana ratsa gefen kan inji ya same su a ciki, bututun da ke mayar da ragowar gas shi ma a ciki yake. Duk abin da ya tsiyaya a nan, botom filet zai gangara. Da aka ɗaga murfi aka tayar, Baba ya kara kwali kusa da na huɗu, nan take ya jiƙe. Bututun ya tsage daidai wuyansa, kusa da goro. Kada wanda ya gwada wannan da yatsa: gas ɗin da ke buɗe nozul yana wajen bar 200, yana huda fata. Tsagewa ɗaya ce ta hana silinda ta huɗu samun gas da ƙarfinsa, ita ce kuma ta tsinka man.

An sa sabon bututu, an sauya wasoshin jan ƙarfe na layin komawa gaba ɗaya, tunda ba a maimaita su in an riga an matse. An kai nozul shida kan injin gwaji, biyu suna ɗiga maimakon feshi, aka sauya bakinsu. Kuɗin bututu da wasoshin bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a famfo ba.

Amma mako uku na tafiya da tsararon mai ba su tafi a banza ba. Baba ya sa aka buɗe filtar mai aka baje takardarta a rana, sai ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Dole aka sake sauke botom filet a karo na biyu, da sabon gasket, da wani sabon mai, wanda na zuba kwana tara da suka wuce kuma aka zubar. Metal na kon rod biyu, wato shimfiɗar da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, sun cinye har jan ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fito. Karanshaf Allah ya tsare, an auna shi bai buƙaci a kai shi gurza ba, aka sa metal sitanda, mai girman asali.

Yanzu da zafi a silo allura tana zama wajen bar ɗaya da rabi. Tsohon famfon da na cire, da aka buɗe shi aka auna haƙoransa, lafiyarsa ƙalau. Yana nan a bayan kujera, naɗe cikin buhun albasa.