Kwandon tumatir da maganar Yaya

Asabar, 3 ga Janairu 2026, Agege

Na je kasuwar Mile 12 yau, ni da ƙafata. Bari in fara ajiye wannan, domin in na bar abin da ya faru da la'asar ya riga shi shiga rubutun, shi zai cinye shafin duka.

Daren Laraba da gari ya ɗauki ihun sabuwar shekara, yara na ta fasa nokawut a layi, ni ina zaune da tsohon littafin lissafin Ummi da ya rage shafuka, ina tattara abin da cefane ya ci mana. Na san wasu za su ce tamu shekarar a Muharram take kamawa. Haka ne. Amma mai gidan haya da makarantar yara da Janairu suke lissafi, ga azumi ya taho cikin Fabrairu in Allah Ya kai mu. Abin da na gani a littafin bai yi min daɗi ba. Nama ba shi da laifi, baƙi ma haka. Sayen ɗai-ɗai ne ke tsotse mu: derika guda ta shinkafa yau, kashin tumatir gobe, albasa uku, manja a ƙulli, duk a bakin layi, duk bayan kayan sun bi hannu uku ko huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk hannun da kaya ya ratsa sai ya ɗora kuɗin motarsa, mu da muke ƙarshen layi mu ke biyan duka.

Sai na rubuta ƙudurina na bana. Sari sau ɗaya a wata, mu haɗa kuɗi da maƙwabta mu raba. Babu sauran ɗaukar kaya a shagon bakin layi a ce a rubuta. Tuwon dare in ya kwana, ɗumame ne, ba na bola ba. A ƙarƙashin wannan kuma na rubuta abin da ya fi min wuya: bana tsoro ba zai ƙara yi min cefane ba.

Domin shi ke yi min, shekara da shekaru. Ina amarya sabuwar zuwa Legas aka yi rikicin watan Maris na 2016 wanda ya sa gwamnati ta rufe kasuwar Mile 12. Baba ya kira daga Zariya muryarsa na rawa, ya ce kada ƙafata ta taka wajen. An buɗe kasuwa, mutane sun koma harkokinsu, tireloli sun ci gaba da sauke kaya, ni kuwa maganar ta zauna min daram. Ga kuma gadar masu ƙafa ta kan titin Ikorodu, wadda ko daga cikin mota na hango ta sai cikina ya juya.

Bayan asuba muka fita, ni da Maman 'yan biyu da Amaryar sama. Hunturun Ikko ɗan leƙe yake yi ya koma, amma yau ya ɗan taɓa, har na yafa mayafi mai kauri. Danfo ta Ogba, ta Berger, sai Ketu. Da muka zo gindin gadar na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Maman 'yan biyu ba ta ce komai ba, ta kama gefen hijabina ta yi gaba. Matakalar ta side, ta yi santsi don yawan taku. Can sama akwai mai sayar da cazar waya ya baza kayansa a kan buhu, da wani dattijo makaho yana roƙo da Hausa. Muna tsakiya tirela ta wuce ta ƙasa, na ji gadar ta amsa a tafin ƙafata, gwiwoyina suka saki. Na kafa ido a kan ƙeyar Maman 'yan biyu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ban leƙa ƙasa ba ko kaɗan. Amma na haye. Da muka sauka Amaryar sama ta rangaɗa 'yar ƙaramar guɗa, wani kwandasta ya juyo yana kallonmu, muka tuntsire da dariya.

Kasuwar kuwa, wallahi da an rufe min ido an ajiye ni sai in rantse a Arewa nake. Hausa ta ko'ina, Sakkwatanci da Kananci da Katsinanci, a tsakani matan Yarbawa masu sari suna taya kaya da Hausarsu tsaf. Taɓo da ruwan tumatir a ƙasa, 'yan dako na ta “hanya, hanya”, warin attaruhu na shaƙe mutum. Wannan wurin ne na yi shekaru ina gudu.

Wajen albasa muka faɗa hannun wani dattijo ɗan Aliero. Ya ga ina zaɓar manya-manya, sai ya karɓe wadda ke hannuna ya danna wuyanta da babban yatsa.

“Hajiya, ajiya za ki yi ko biki?”

Na ce ajiya.

“To bar kallon girma. Taɓa nan. In wuya ya bushe ya tsuke, ɓawo yana ƙara in kin murza, za ta zauna miki. In ya yi laushi, ruwa ne a ciki, danshin garin nan zai gama da ita. Kuma kada ki bar ta a leda, baza ta inda iska ke ratsawa.”

Na taya, ya ce albarka. Da a ce jiya ne, da nan take na biya abin da ya faɗa don kunya. Yau na ƙara kaɗan na tsaya. Ya yi murmushi ya sallama, har da gyara.

Tumatir yanzu ne lokacinsa, na rani ya fara sauka daga fadamun Kano da Katsina, irin su Kura da Ɗanja. In damina ta kama, kowa ya san yadda yake tashi ya koma abin kallo. Ba na manta 2016 da tsutsar nan ta cinye gonaki, muka koma miyar kuka da tumatirin gwangwani. Maman 'yan biyu ta sa aka juye kwandon a gabanmu, don fuskar kwando daban, gindinsa daban. Muka ɗauki guda babba, da tattasai da attaruhu, muka raba uku a gida. Ko da na cire kuɗin mota da na 'yar dako, abin da ya zo hannuna ya ninka wanda nake samu a bakin layi da kuɗi ɗaya.

Na dawo da murnata. Kauɗa ba ta yiwuwa a nan yadda muke yi a gida, kafin ta bushe ta yi funfuna, firiza kuma sai yadda wuta ta ga dama. Don haka na kai markaɗe, na ɗora babbar tukunya a kan gawayi a tsakar gida, na bar shi yana tafasa har ruwan ya tsane ya koma kirtif, ja wur. Na tafasa kwalabe, na ɗura da zafinsa, na zuba mai a kai, na rufe na sake mayar da su cikin ruwan zafi. Ummi na jera min su a kan tabarma tana ƙirgawa.

A haka Yaya, yayar mijina, ta yi sallama.

Ban san za ta zo ba. Na tashi da zanen aiki, hannuna duk ja, na shimfiɗa mata darduma na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, amma idonta na kan kwalaben. Ta tambayi daga ina. Ummi ce ta riga ni, da ɗokinta: “Mama ce ta je Mile 12 da kanta, har ta hau gada!”

Yaya ta yi shiru. Sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba:

“Maman Ummi, abin har ya kai haka? In kasuwa ce ta juya wa ƙanena baya, ai ni ya kamata in fara ji, ba in gani a tsakar gida ba.”

Na ce, “A'a Yaya, lafiya lau wallahi. Tanadi ne kawai saboda azumi.”

“Tanadi.” Ta gyara zama. “Gidan nan ba a san shi da ƙirga loma ba. Kuma matar gidan nan ba a san ta da cuɗanya da 'yan dako ba. Mutane suna gani, kin sani. Gobe a wajen suna za a ce an gan ki kina ja-in-ja a kan albasa.”

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta sha ruwa, ta yi wasa da Auta, ta ba yara alewa, aka yi hirar bikin da za a yi a Idi-Araba, ta tafi kafin magariba. Ni kuwa tun lokacin ban dawo daidai ba. Na kwashe kwalaben na shigar ɗaki da sauri, sai daga baya na lura ɓoye su nake yi.

Abin da ke cina ke nan. Gadar da na ɗauka ita ce babbar dodona, na haye ta da safe. Magana ɗaya daga bakin Yaya ta mayar da ni inda na fito. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma yau na ga wanda ya fi ƙarfi a kaina. Da na sake buɗe littafin da daddare na bi layukan, sai na ga “kada a ce” a kusan kowane shafi. Kaza biyu ranar da ɗaya ta isa, kada a ce. Lemon kwali ga baƙuwar da zoɓo take so, kada a ce. Shinkafar da na dafa ta yi yawa ta kwana ta lalace, don kada tukunya ta yi kama da ta masu ƙaranta. Ko rashin taya kaya da nake yi, tushensa ɗaya.

Ba na jin haushin Yaya, ina so a fahimce ni. Ita ta riƙe Baban Ummi tun yana yaro, ta ga lokacin da ba su da komai a garin nan, kuma har yau duk ɗan ci-ranin garinsu da mota ta sauke da dare ƙofarta yake bugawa ya sami tuwo. A wajenta tukunya cike ita ce mutuncin gida, mace a kasuwa kuma alamar namiji ya gaza. Da tsoro ta yi maganar, tsoron kada ƙanenta ya shiga wani hali ya ɓoye mata. Na ga hakan a fuskarta.

Amma ni ma ina da abin da nake gani. Ni ke tsaye a gaban murhu. Ni na san yadda fuskar Baban Ummi ke canzawa ranar 20 ga wata in na ce gas ya ƙare, ya ce “to” ya fita bai ƙara komai ba. Baƙo ba zai taɓa zuwa gidan nan ya koma da yunwa ba, wannan ba ya cikin abin da zan rage, kuma kwanon makwabcinmu tsoho yana nan kullum. Abin da nake so in toshe shi ne wanda ke zurarewa ba tare da ya shiga cikin kowa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Duk wannan yana bakina lokacin da take zaune, ko kalma ɗaya ban iya fitarwa ba. Na sunkuyar da kai ina murza gefen zane.

Baban Ummi ya dawo bayan isha'i. Na ba shi labarin gada, ya yi dariya har da tafi, ya ɗaga kwalba ɗaya yana dubawa a fitila. Da na zo kan maganar Yaya sai ya ce in bar shi da ita, zai kira ta. Na ce a'a. In ya kira, ya zama na kai ƙara. Ni nake so in je gidanta in zauna in faɗa mata da bakina, cikin ladabi, cewa ƙanenta lafiya yake, kuma zan ci gaba da zuwa kasuwa. Rubuta shi kawai da na yi yanzu, gabana faɗuwa yake.

Sauran abubuwan yau. Auta ya fara tari, na ba shi zuma da lemon tsami. Ruwan famfo bai zo ba sai azahar. Umma ta kira, ban gaya mata na je Mile 12 ba, don Baba na kusa da ita.

A jerin tsoron da na rubuta akwai saura. Jirgin ƙasan nan na Agbado zuwa Oyingbo, tun 2024 yake ɗaukar mutane, tasharsa na nan Agege, ban taɓa shiga ba. Jirgin ruwa zuwa Ikorodu wajen ƙanwata. Yin Yarbanci a gaban masu shi, wanda nake ji sarai amma harshena ke ƙin motsi. Awon hawan jini da nake ta ɗagawa. Yanzu na ƙara Yaya, na sa ta a sama.

Maman 'yan biyu ta turo saƙo ɗazu, tana tambaya ko a sa da ni a haɗakar farkon Fabrairu, za a ƙara da gero da wake da sukari saboda azumi. Na daɗe riƙe da wayar. Na rubuta mata a sa da ni, kuma a nemo mana mace ta huɗu, don buhun wake ya fi ƙarfin mu uku.